Yaya ake cire robar kariya da aka manna da gam a jikin shasin mashin?

Ɗan Dakata:
Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin mashin a taimaka min. Na sayi Boxer na hannu, to mai shi na farko ya manna wasu baƙaƙen robobi a jikin shasi daidai inda takalmi ke guga da kuma gefen tanki wai don kar fenti ya goge, yanzu sun fara ɗagowa ta baki ƙura ta shiga sun yi muni sosai, na ɗan ja ɗaya sai naga kamar zata taho da fentin gaba ɗaya. Me zan sa su fita lafiya? wani abokina yace in zuba tina kawai.

Oga Bakanike:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena rabu da maganar abokin nan naka, tina ai da ita masu fenti ke narkar da fenti, kana zubawa gam da fentin zasu tafi tare ka koma neman kuɗin feshi. Haka man burki shima yana cin fenti, kar ma ya kusanci wurin.

Zafi ne maganin gam. In robar irin mai zuwa da gam ɗinta ce a baya kamar sitika, ka ajiye mashin a rana da azahar ko ka aro draya ta busar da gashi wajen madam ka hura a baki ɗaya har yayi ɗumin da hannunka zai iya jurewa, sai ka sa tsohon katin ATM ka ɗaga bakin, kana hurawa kana ja a hankali a kwance, wato ka naɗe robar baya kamar zata kwanta a kan kanta, kar ka finciko ta sama. In tana da kauri ka samu zaren fatsa ka zura ta bayanta ka dinga ja dama da hagu yana yanka gam ɗin. Banda reza banda sukundireba. Kuma don Allah banda ashana ko leta ko wutar walda kusa da tanki, ko babu mai a ciki tururin fetur yana nan.

Mai Lifan:
Ni dai fetur nake sawa a tsumma in goge, nan take yake fita, ba wani dogon turanci oga

Oga Bakanike:
Yana fita kam amma yana dusashe ƙyallin fenti in ka yawaita, kuma saurin bushewa gare shi baya tsayawa ya jiƙa gam ɗin. Kalanzir yafi ko WD-40, man feshin nan da ake kwance noti mai tsatsa da shi, ka shafa ka barshi kamar minti 10 sannan ka murza da tsumma mai laushi, bayan nan ka wanke da ruwa da omo saboda maiƙon. Ka fara gwadawa a wani lungu da ido baya gani.

Ɗan Dakata:
Nagode oga Allah ya saka. Na gefen tanki sun fita tas da draya, amma na shasi ɗaya ya ƙi fita, gam ɗin fari ne ya bushe ƙam kamar gilashi

Alhaji Mai Sifiya:
To wannan sufa gulu ne, kalanzir baya masa komai ko ka kwana kana shafawa. Abin da ke narkar da shi shine ruwan goge jan farce irin mai asiton, sai dai yana taɓa fenti kuma yana ɓata roba, don haka da auduga zaka ɗiga a kan gam ɗin kaɗai ka kankare da kati ka goge da sauri. In ka cire kaga tsatsa a ƙasa kar kayi mamaki, ruwa ne ke maƙalewa a bayan robar lokacin damina, ka bi da samfefa mai laushi a shafa furaima, wato fentin farko da ake sawa a ƙasa, sannan baƙin fenti. Wurin da aka rufe ma zai fi sauran jikin duhu tunda rana bata ci shi ba, folish yana rage bambancin kaɗan. Amma in robar ta kai wajen wuyan mashin inda lambar shasi take to nan kam kar ka sa samfefa ko kaɗan, lambar nan ta goge ranar da 'yan sanda ko VIO suka tare ka takardunka ma bazasu cece ka ba.