Na kama haya a estet a Lokogoma, ta ina zan fara da maganar wuta da ruwa?

Baƙon Abuja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zama a irin rukunin gidajen nan masu get da masu gadi. An yi min canjin wajen aiki daga Kano zuwa Abuja, na samu gida mai ɗaki uku a wani estet a Lokogoma, na biya kuɗin shekara, ejan ya miƙo min makulli ya ce sauran bayani in je ofishin estet. Jiya na je duba gidan saboda iyali za su taho nan da sati biyu, sai na tarar babu wuta alhali maƙwabta duk da wutarsu, mita tana can a jikin bango ta waje amma ban ga inda ake loda kati ba, na murɗa famfo ko ɗigo babu, mai gadi kuma ya ce motar kaya ba za ta shigo ba sai na kawo takarda daga ofis. An ce gidan ya daɗe ba kowa a ciki. Ni dai a unguwarmu abin da na saba shi ne in sayi katin KEDCO, ɗan garuwa ya kawo ruwa har ƙofa, shikenan. Muna da jariri ɗan wata huɗu, ba na so su iso su tarar da duhu da zafi. Me zan fara yi, kuma me zan tambaya a ofishin?

Mai Gyaran Wuta:

Wa alaikumus salam Malam, barka da zuwa. Aikina kenan a estet-estet na nan Abuja, to bari in fara da wuta don nan ne mutane suka fi shan wahala.

Tambayar farko da za ka yi a ofis ita ce: wa ke sayar muku da wutar? Domin iri biyu ne. Akwai estet ɗin da kowane gida mitarsa ta AEDC ce kai tsaye, wato kamfanin raba wutar Abuja, ka sayi kati ta manhajar bankinka ko wajen mai POS, babu ruwan ofis da kai. Akwai kuma wanda estet ɗin ne ke da taransifoma da babbar mita guda ɗaya, su biya kamfani a dunƙule sannan su sayar wa mazauna ta nasu ƙananan mitocin, irin wannan ko ka sa lambar mitar a manhajar banki ba za ta fito ba, dole sai ta hannunsu, kuma farashin yunit yakan ɗara na waje musamman in akwai babban janareto na kowa da kowa don ana haɗa kuɗin dizal a ciki. Gwajin mai sauƙi ne, ka kwafi lambar da ke jikin mitar ka sa kamar za ka sayi wuta, in suna da adireshi suka fito to ta kamfani ce, ka kuma duba adireshin gidanka ne ko na wani.

Inda ake loda katin kuma, yawancin mitocin yanzu kashi biyu ne, ita mitar tana waje ko saman fal, sai wani ɗan akwati mai madannai da ke cikin gida. Sau da yawa tsohon ɗan haya yana haɗawa da shi cikin kayansa ya tafi, ko ka same shi a durowar kicin batir ya mutu. Ka tambayi mai gidan tun yau. In ka samu ka sa sabon batir, ka jona shi a soket na bango ba a waya mai jan wuta ba, ka tabbatar abin canza layi yana ɓangaren NEPA ba na janareto ba, sannan ka danna lambobi 20 ɗin katin da ka saya. In ta ƙi karɓa kar ka yi ta sayen wani katin. Mitar da ba a taɓa ta ba tun kafin 24 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka yi sabunta mitoci na ƙasa baki ɗaya, sai an fara sa mata wasu lambobi guda biyu da kamfani ke bayarwa kafin ta karɓi sabon kati. Kuma dan Allah kar ka bar wani mai gyara ya buɗe murfin mitar, tana kulle kanta ne nan take, sai ka je neman lambar buɗewa, wani lokacin har a zarge ka da satar wuta.

Sai ka tambayi a wane rukuni layinku yake. Band A su ne aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, haka har E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka kai Band A naira 225 kowane yunit, daga baya a shekarar ya koma 209.5, a wancan farashin in ka haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 dubu goma wajen yunit 44 take bayarwa. Esi ɗaya da hita na ruwan zafi sun isa su cinye wannan cikin 'yan kwanaki, don haka ka yi lissafinka tun yanzu.

Maman Biyu:

Yaya ni ta ruwa zan yi maka magana don mu mata mu ne a gida abin ya fi shafa. Ruwan gwamnati na madatsar Usuma ya fi isa cikin gari irin su Maitama da Wuse da Garki, ɓangaren Lokogoma da Lugbe yawanci bohol ne, ko na estet gaba ɗaya ko kowane gida da nasa. In na estet ne ka tambayi ƙarfe nawa suke turo ruwa kuma sau nawa a sati, in na gidan ne ka tambaya injin yana aiki kuwa, kuma a mitar wa aka jona shi, saboda mu a gidanmu na farko sai da muka yi wata biyu kafin muka gane mu kaɗai muke biyan wutar injin da gida huɗu ke amfani da shi. Famfon da ka ce babu ruwa mai yiwuwa an rufe makunnin da ke bayan gida ne kawai ko tankin ya bushe.

Abin da nake roƙonka tunda akwai jariri, kar a yi amfani da ruwan tankin nan sai an wanke shi. Tankin da ya daɗe a ajiye za ka tarar da laka da gansakuka a ƙasa, wani ma murfin ya tashi. A wanke, a cika, a bar kowane famfo ya zuba na ɗan lokaci, kai kuma ka zagaya ka duba ƙarƙashin sink da bayan bayi ko akwai yoyo kafin a shimfiɗa kafet. Sannan ka sani yawancin estet ba sa barin 'yan garuwa su shigo da kura, ranar da injin ya lalace ko lokacin bazara da ruwan bohol ke ja baya sai dai tanka, to ka tanadi babban duro ko biyu ka karɓi lambar mai tanka wajen maƙwabta. Ka kuma tambaye su yadda layinku yake da damina, akwai wuraren da ruwa ke kwanciya a Lokogoma sosai.

Tsohon Sakataren Estet:

Malam na yi shekaru ina riƙe da takardun ƙungiyar mazauna a namu, kuma wallahi mafi yawan rigimar da na raba a kan abu ɗaya ce, bashin wanda ya tashi. Takardar da mai gadi ya ce ka kawo ba komai ba ce illa shaidar cewa gidan ba a binsa kuɗin hidima, wato kuɗin masu gadi da shara da fitilun titi da gyaran bohol. In tsohon ɗan haya ya gudu da bashi, a littafin ofis lambar gida aka rubuta ba sunan mutum ba, kai da ka zo za a tare. A estet mai sayar da wutarsa da kansa ma abin ya fi tsanani, don suna iya hana ka sayen kati ko su riƙa cire bashin daga duk abin da ka saya.

To kar ka je ofis kai kaɗai, ka tafi da ejan ko ka sa mai gidan a waya a gabansu, a fito da lissafin gidan a rubuce, a rubuta cewa naka ya fara daga ranar da ka karɓi makulli, na baya mai gida ya biya ko ya yarda a cire daga kuɗin haya na gaba. Ka ɗauki hoton fuskar mita da kwanan wata. Duk abin da za ka biya ka tura ta asusun ƙungiya ka karɓi rasit, kar ka ba kowa a hannu ko da shugaban ne. Ka tambayi lokacin da ake barin motar kaya ta shiga, wasu daga shida na yamma sun rufe, motar da ta taso daga Kano da hantsi kuwa da wuya ta wuce Zuba kafin magariba, sai ka ga kaya sun kwana a bakin get. Shara ka tambaya tana cikin kuɗin hidima ko takardar AEPB, hukumar kula da muhalli ta Abuja, daban take zuwa, kar ka biya sau biyu. Ka sa a saka ka a zauren WhatsApp na mazauna, kuma in akwai masallaci a ciki ka je sallar isha'i ka gabatar da kanka, a nan za ka ji abin da ofis ba za su faɗa maka ba.

Mai Gyaran Wuta:

Gaskiya ne Alhaji, sai dai in ƙara, in mitar ta kamfani ce kai tsaye, hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta ce ba a ɗora wa sabon mai shiga gida bashin wutar wanda ya tashi. Sai ya kai takardar yarjejeniyar haya da ƙorafi a rubuce ofishinsu, in ba a warware ba ya wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Kar ya yarda da maganar "biya kawai a wuce wajen".

Ɗan Lugbe:

Ba wanda ya yi maganar intanet. Kafin ka sayi rawuta, wato na'urar raba intanet a gida, ka shiga kowane ɗaki da layin MTN da Airtel da Glo ka gwada, wani gidan sabis a falo kawai yake. In akwai faiba, wato intanet na waya da ake jawowa har gida, a estet ɗin ka nema tun yanzu don jonawa na ɗaukar kwanaki, kuma ka nemi izinin mai gida kafin a huda bango ko a hau rufi saboda dish ko sola. Tukunyar gas kuma a zo da ita babu komai a ciki, ka cika a nan.

Baƙon Abuja:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na gwada lambar mitar yanzu a manhajar banki, ta fito da sunan mai gidan da adireshin daidai, kenan ta kamfani ce. Na kira shi ya ce akwatin yana wajensa zai aiko gobe, kuma ya yarda mu haɗu a ofishin estet ranar Asabar ƙarfe goma kan maganar bashi. Maman Biyu na gode, an samo min yaron da zai wanke tankin, amma da me ake wankewa, omo kawai ya isa ko sai an sa bilic?