Kuɗin cefane ba ya kai ƙarshen wata, maigida yana ganin ɓarnata ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Makka, wajen Shara Mansur, shekarata goma sha ɗaya a nan, 'ya'yana huɗu. Maigida yana aiki da wani kamfanin gini, kuma ba zan ɗauki alhakinsa ba, mutum ne mai riƙe gidansa. Tun kafin korona yake ba ni riyal 1,200 duk wata na cefane, har yau bai ƙara ko halala ɗaya ba. A da har ɗari nake cirewa in zuba adashi. Yanzu kuwa kafin 20 ga wata kuɗin sun ƙare, sauran kwanakin sai in aiki babban yarona baƙala, wato kantin unguwa, a rubuta mana bashi. Shinkafa, mai, kaza, madarar yara, babu wanda ya tsaya inda na san shi.

Shekaranjiya mai baƙalar ya tare maigidan a ƙofar masallaci bayan magariba ya buɗe masa littafi. Ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce ko dai almubazzaranci nake yi, ko ina tura wa gida a ɓoye. Wallahi rabon da in aika wa mahaifiyata wani abu tun kafin azumi. Maganar ta tsaya min a rai. Ta yaya zan fahimtar da shi ba tare da mun yi faɗa ba? Sannan ni kaina a wayar min da kai: riyal bai faɗi kamar naira ba, to me yake sa kaya tashi?

Hajiya, Misfala:
Wa alaikumus salam 'yata. Zan fara da naki laifin, ki yi haƙuri. Bashin da kika ci bai sani ba shi ya jawo zargin. Namiji ya ji maganar gidansa a bakin mai baƙala, a gaban mutanen da suke sahu ɗaya da shi, dole ya ji kunya, kunyar ce ta fito a matsayin faɗa. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai, ban da sauran.

Sannan kada ki ƙara yi masa bayani da baki. Tsadar kaya ba a kunne maza suke jin ta ba, a aljihu ne. Ranar da albashi ya shigo ki rubuta duk abin da gida yake ci a wata, har ashana da sabulun wanke-wanke, ki ce ƙafarki na ciwo ya raka ki kanti. Shi zai tura keken, shi zai tsaya gaban mai karɓar kuɗi. Ke ki ja baya ki yi shiru. Haka na yi wa marigayi Alhaji, Allah ya jiƙansa. Ina kallonsa ya ɗaga galan ɗin mai ya juya shi yana neman farashi, ya ajiye, ya sake ɗagawa kamar lambar za ta canja. Har muka iso gida bai ce uffan ba.

Direban babbar mota, Jidda:
Ƙanwata, tambayarki ta biyu zan amsa, don aikina ɗaukar kaya ne daga tashar jiragen ruwa. Gaskiyarki ce, riyal yana ɗaure da dalar Amurka, 3.75, tun 1986. To amma ɗauko tsohuwar fatura, wato rasiɗin sayayya, ki duba ƙasanta. An fara karɓar dariba, wato harajin sayen kaya, a Janairun 2018 a kan kashi 5, a Yulin 2020 aka mayar da ita kashi 15, kuma abinci bai tsira ba. A cikin 1,200 ɗin nan naki, kusan riyal 157 dariba ce, a da kuwa 57 ne. Ɗarin da kike zubawa a adashi ke nan, kin ga inda ta tafi.

Bayan haka, yawancin abin da muke ci a ƙasar nan daga waje yake zuwa. Shinkafa akasari daga Indiya, kazar firiza da yawa daga Brazil. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, alkama da man girki da hatsin da ake ciyar da kaji suka tashi a duniya baki ɗaya, ƙwai ma ya bi su. A Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, a Agusta ita basmatin ma aka sa mata farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba. Sun janye a 2024, amma kin san ɗan kasuwa, hawa da gudu, sauka da sanda. Ƙarshen 2023 kuma aka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya. Wasu suka daina bi ta Babul Mandab, kuɗin inshora ya ƙaru, har ya zama ana sauke kwantena a Dammam mu ɗauko ta a mota mu keto ƙasar nan tun daga gabas. Dizal ɗin da muke sha kuwa, halala 75 ce lita a 2023, ta koma riyal 1.15 a farkon 2024, sannan 1.66 a farkon 2025. Duk wannan a kan buhun shinkafarki yake sauka.

Wani magidanci, Hindawiyya:
Ku riƙa yi wa maza adalci. Baiwar Allah, kin taɓa lissafa kuɗin murafiƙin, wato abin da baƙo yake biya wa gwamnati a kan iyalinsa? Da aka fara a 2017 riyal 100 ne kowane kai a wata, yanzu 400 ne. Ke da yara huɗu, 2,000 ke nan duk wata, 24,000 a shekara, kafin a zo ga haya da wuta. Tallafin gwamnati na Hisabul Muwaɗin kuma na 'yan ƙasa ne, mu masu iƙama babu mu. Wataƙila ba ƙi ya yi ba, babu ne, kuma ya kasa faɗa miki.

Hajiya, Misfala:
Malam, mun ji, kuma gaskiya ka faɗa. Amma "babu" daban, "kina sata" daban.

Mai abincin sayarwa, Tandabawi:
Yaya, baƙala ce take cinye ki. Kilo ɗaya yau, rabin kilo gobe, mai a ƙaramar kwalba, haka kuɗi ke zurarewa. Mu huɗu ne a gininmu, duk sati biyu muke haɗa kuɗi mutum ɗaya ya tafi halaƙar Ka'akiyya, wato kasuwar sarin kayan gwari, da sassafe. Tumatir da albasa da dankali a kwali ake ɗauka, a zo a raba a tsakar gida da ma'auni. Tumatir ɗin ina markaɗawa in tafasa in ƙulla a leda-leda in jefa firiza. Kaza ma kwali muke saya mu raba. In kin ga an rubuta rangwame ki duba nauyi da ranar lalacewa tukuna, sau da yawa robar ce aka rage wa ciki. Kuma ba dole kullum sai shinkafa da kaza ba. Tuwo miyar kuka sau biyu a sati, waken ful ko adas da burodin tamis da dare, yara za su yi ƙorafi kwana uku su saba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ki sa masu zuwa Umara su taho miki da su, a nan ninki ake sayarwa.

'Yar Maiwurno, mazauniyar Madina:
Ni abin da na dafa da rana shi ake ɗumamawa da dare, ko loma ba ta zuwa shara. Tun da aka fara yaƙi a Sudan a Afrilun 2023 gida biyu nake ciyarwa da albashi ɗaya. Ki sa ido a kan tukunya, yawancinmu dafa abincin mutum goma muke yi wa mutum shida.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na bi maganarki, na fara ba shi haƙuri a kan bashin. Ranar Asabar muka tafi tare. Ba mu kai rabin takardar ba ya fara lissafi a waya, a gaban mai karɓar kuɗi kuma da hannunsa ya mayar da kwalin lemo da biskit ɗin yara. A mota ya faɗa min mai gidan da muke ciki ya ƙara kuɗin haya tun watan jiya, ban ma sani ba. Mun tsaya a kan zai ƙara 200, shinkafa da mai kuma shi zai riƙa sayowa da buhu da galan. Bashin baƙala zai biya a kashi biyu. Maganar turawa gida dai bai janye ta da baki ba, amma jiya ya tambaye ni lambar asusun Inna.

Yayata ta Tandabawi, in akwai gurbi a tafiyar Ka'akiyya ta wannan satin a sa da ni, albasa da kaza nake so.