Ƙafafun ɗana na ƙara sandarewa tun da muka bar gida

Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 6 ne, an haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa mai sandarar da gaɓoɓi. Kafin rikici ya raba mu da gida ana yi masa gashi a asibiti, har ya fara tsayawa yana dafa bango. A sansanin nan babu likitan gashi. Takalmin gyaran ƙafarsa ya matse shi har ya ji masa ciwo a dunduniya, dole na cire. Ina miƙe masa ƙafafun safe da yamma yadda aka koya min, amma yanzu gwiwoyin sun ƙi miƙewa, da na taɓa sai ihu. Maganin rage zafi kawai ake ba mu.

Don Allah masana, in ci gaba da miƙewar duk da kukan, ko in dakata sai likita ya gan shi?