Tikitin tsallake layi: cin hanci ne ko ciniki?

Baban Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Hutun nan na kai yara Dubai, muka shiga wani wurin wasan lilo. Kuɗin ƙofa kaɗai, in ka juya shi zuwa sidi, sai ka nemi wurin zama. Muna cikin layi, ƙaramar ta gaji na saɓa ta a kafaɗa, sai ga wasu da ɗan zare a wuyan hannu, aka buɗe musu ƙofar gefe suka shige. Suka hau, suka sauko, suka sake zagayowa, mu muna nan inda suka bar mu. Wai tikitin tsallake layi suka saya. Kada kowa ya saye shi, cin hanci ne kawai aka yi masa rasit.

Hajiya Mai Atamfa: Cin hanci? A'a Alhaji, gyara bakinka. Bara na saya wa jikokina. Ke nan ni mai ba da cin hanci ce?

Baban Biyu: Hajiya, ban kira sunan kowa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ba sai ka kira ba, ai kowa ya ga hotunan da na saka. Da ciwon gwiwar nan kake so in yi tsayuwar awa guda?

Malam Ƙarami: A yi hattara da kalmar nan. Hadisi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, ba abin wasa ba ne. Rashawa ita ce ka ba wanda aka damƙa wa amana wani abu don ya karkata. Wannan kuwa mai wuri ne ya rubuta farashi a allo, kowa na gani. Ciniki ne.

Ɗan Asawase: Allah gafarta Malam, to 'yan goro da ke ƙofar ofisoshi, masu karɓar kuɗi su hanzarta maka takardu fa? Su ma farashinsu sananne ne.

Malam Ƙarami: Ofishin na ubansu ne?

Ɗan Asawase: A bar iyaye a gefe, Malam.

Injiniya: Ku tsaya ku ji yadda abin yake. Disney, mai manyan wuraren wasa a Amurka, ta fito da tikitin tsallake layi mai suna FastPass a 1999, kuma kyauta ne: ka karɓi takarda mai lokaci, ka je yawonka, ka dawo ka shiga. A 2021 suka maye gurbinsa da Genie+, dala 15 kowane mutum a rana a Florida. A 2024 ya koma Lightning Lane Multi Pass, farashin yana hawa da sauka gwargwadon rana. Wuraren wasa na kamfanin Universal na da nasu, Express Pass. Abin lura, tikitin ba ya ƙara kujera ko ɗaya a lilo. Adadin da lilo ke ɗauka a awa ba ya canzawa, don haka duk wanda ya bi ƙofar gefe, daga lokacin na babban layi aka yanka masa. Ranar cunkoso, lokacin hutun makaranta, in kwana ɗaya gare ka, yana biyan kuɗinsa. Tsakiyar mako da safe kuwa ka yi kyautar kuɗi ne. Kuma a kan kowane kai ake biya, mai yara biyar ya yi lissafi.

Baban Biyu: Kun ji ko! Daga lokacina aka yanka. Injiniya ya gama magana.

Hajiya Mai Atamfa: Cewa ya yi yana biyan kuɗinsa. Karanta har ƙasa.

Anti Nima: Ni abin da ya ba ni dariya, mai wannan kukan in zai zo Accra ba ya hawa komai sai bas ɗin VIP daga tashar Asafo a Kumasi, ya miƙe ƙafa cikin sanyi. Me ya hana ka shiga ƙaramar mota da talakawa?

Baban Biyu: VIP ba ta ture motar kowa daga hanya, Anti. Tare muke cin cunkoson Nsawam.

Ɗan Asawase: Ku mutanen Accra ai tsallake layi a jininku yake. Wajen mai wake da shinkafa ma sai mutum ya leƙo ta baya yana “Hajiya, nawa na kullum”.

Anti Nima: Wanda ya taɓa neman trotro a Kejetia da magariba ne zai koya mana bin layi? Ta taga kuke shiga.

Ɗan Asawase: Ko ta taga muka shiga, sau biyu ƙungiyar ƙwallonmu ta Kumasi, Kotoko, ta ɗauko kofin Afirka, 1970 da 1983. Hearts ɗinku ta Accra fa?

Anti Nima: 2000. Mu a talabijin mai kala muka ga namu.

Malam Ƙarami: Subhanallah. Daga rashawa an koma ƙwallo. Ni dai a janye kalmar nan.

Baban Biyu: Ban janye ba, Malam. In ba cin hanci ba ne, ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa: Wanda ya iya kuɗin jirgin mutum huɗu zuwa Dubai ne yau ya zama kakakin talakawa. Rowa ce, a kira ta da sunanta.

Baban Biyu: Hajiya, girmanki nake gani.

Ɗan Asawase: Ku kai su Rattray Park ko gidan zu, ku saya musu FanIce, kowa ya huta.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na bi duka saƙonnin. Abin da aka cimma: Malam ya tabbatar halal ne, Injiniya ya kawo hujja cewa yana da amfani, Hajiya kuma ta gwada ta ji daɗinsa. Alhaji dai bai shirya tafiyarsa da kyau ba, da ya tuntuɓi masana kafin ya tashi da bai sha wahala ba. Maganar ƙwallo kowa ya san Kotoko ce gaba, ba sai an ja ba. Na rufe zaure sai da safe. Masu niyyar Dubai a hutun Disamba su same ni ta gefe, ina haɗa biza da otal da tikitin wuraren wasa, har da na tsallake layin.