Don Allah shawara: ina so in kai yara Dam ɗin Tiga hutun nan

Uwar yara huɗu, Kano:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yarana sun matsa min lamba tun da aka yi masu karatun madatsun ruwa a makaranta, babban shekararsa 12 autar kuma 4, kullum sai Mama ki kai mu mu ga dam, ni kuma wallahi na gaji da kai su gidan zu duk sallah wuri ɗaya. Abbansu ya amince mu je Tiga amma hankalina bai kwanta ba, ba wanda ya iya ruwa a cikinsu, kuma tun abin da ya faru a Bagwai ƙarshen 2021 da kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a dam ɗin Watari ko jirgin ruwa na gani a talabijin sai gabana ya faɗi. Wanda ya san wajen ya taimaka, ya hanya take, wane lokaci ya fi, kuma in bar su su shiga jirgi ko a'a?

Ɗan Bebeji:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ki je abinki, wajenmu ne. Daga Kano kamar kilomita 70 ne, hanyar Zariya za ku bi ku wuce Kura, in kun fito bayan asuba kafin hantsi kun isa. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka yi dam ɗin, an gama shi 1974, kuma duk shinkafa da tumatir ɗin nan da za ku gani a Kura da Kadawa ruwan Tiga ne ke shayar da su, to ki nuna wa yaran magudanan ruwan tun a hanya, sai su gane inda ruwan yake tafiya kafin su ga inda aka tare shi. Ni na fi son wajen bayan damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya cika maƙil ga kore ko'ina. In hunturu ya kama sosai hazo zai hana ku ganin ƙetare, iskar bakin ruwa kuma akwai sanyi, a ɗauko wa ƙananan rigar sanyi.

Ma'aikaciyar jinya:
Yar uwa ni maganar wanka zan yi miki, kar ki bari ko ƙafa su tsoma. Kowa nutsewa yake tsoro, an manta da tsargiya. Ruwan da yake kwance mai ciyayi a baki nan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar yake zama, ta fata take shiga ba sai an sha ba, yaro ya yi wasansa lafiya lau ya dawo gida sai bayan makonni ki ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Ɗan yayata haka ya yi, ya ɓoye wandonsa ƙarƙashin katifa don kunya sai da uwar ta gani wajen wanki. Akwai magani, Praziquantel, yana aiki, amma me zai sa a kai ga haka. Ku tafi da ruwan shanku da na alwala a jarka.

Uwar yara huɗu, Kano:
Innalillahi, wallahi wannan bai zo min a rai ba sam. Na gode anti. To jirgin fa?

Tsohon direba:
Ƴata, ba rigar kariya, ba shiga. Kuma rigar ta zama daidai jikin yaro, in kika saka wa ƴar shekara 4 ta manya zamewa za ta yi ta kanta da zarar ta faɗa ruwa. Na Bagwai ɗin da kika ambata lodi ne ya yi wa jirgin yawa ga yamma ta yi, mutum kusan 30 suka rasu akasari yara, Allah ya jiƙansu. In kin ga gefen jirgi ya kusa shafar ruwa ki ce ba ki shiga ko an rage miki kuɗi. Bakin dam kuma ba kamar rafi ba ne da ake sauka a hankali, taku biyu ƙasa ta ƙare, ga taɓo mai riƙe ƙafa.

Ɗan Bebeji:
Gaskiyar Baba ne. Ni da zan ba ki shawara ma ku bar jirgin wannan karon, kallon masunta kaɗai ya ishe su, su ga ana jawo koma ana zazzage karfasa da tarwaɗa suna tsalle a kwando, ki saya a soya maku da zafinsa a barbaɗa yaji. Wajen ƙofofin ruwa da tashar lantarki akwai ma'aikata, ku yi sallama ku nemi izini kafin ɗaukar hoto. Ku taho da tabarma da leda ta zuba shara, da la'asar kuma ku kamo hanya kar dare ya same ku.

Uwar yara huɗu, Kano:
Allah ya saka da alheri. Mun daidaita da Abbansu, ba jirgi ba wanka, zan ɗauki ƙanwata ta riƙe min autar ni in sa ido kan mazan. Ɗan uwa na Bebeji, ranar Asabar ana samun masuntan da safe ko sai mun kai azahar?