Buguwar kai tun yana yaro za ta iya taɓa shi yanzu da yake jami'a?

Maman Khairat: Assalamu alaikum. Ƙanena ne, yana aji biyu a jami'a, ɗan baya ne a ƙungiyar ƙwallon makarantarsu. Yana ɗan shekara 11 suka yi karo da ka shi da wani yaro a filin unguwa, ya suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Da dare ya yi ta amai, washegari ya koma fili abinsa. Yanzu yaro ya canza: barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya harzuƙa, ya kulle kansa a ɗaki, karatu ba ya zama. Hajiyarmu ta ce sammu ne, Baba yana zargin ƙwaya. Ni ko waccan sumar ce ta tsaya min a rai. Da alaƙa?

Nas Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tana iya yiwuwa. Suma da amai bayan karo alamun girgizar ƙwaƙwalwa ne. Wani bincike a Ontariyo ta Kanada, da aka fitar a 2022, ya kwatanta yara 'yan shekara 5 zuwa 18 da suka bugu a ka da waɗanda suka ji rauni a ƙashi ko gaɓa. Masu buguwar kai sun fi fuskantar matsalar damuwa da dangoginta da kusan kashi 40 cikin ɗari. Amma fa yawancin yara suna warwarewa cikin wata guda, kuma shekarun jami'a dama lokacin ne ciwon damuwa ke yawan bayyana. Abin da zan fara tambaya: bai sake buguwa ba kwanan nan? Ɗan baya kullum yana tashi sama buga ƙwallo da ka.

Koci Bala: Tambayar nas ita ce maganar. Yaranmu ɓoyewa suke yi don kada a ajiye su a benci, musamman in gasar NUGA, wato wasannin jami'o'in Najeriya, ta matso. Za ka ga yaro yana tangaɗi, ka ce ya fito, ya ce "Koci, jiri ne kawai." A Amurka sai da wani yaro, Zackery Lystedt, ya nakasa a 2006 bayan an mai da shi fili da buguwa a ka, sannan jihar Washington ta yi doka a 2009: wanda ake zargin ya bugu ba ya komawa sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu. Mu nan ruwan leda ake tuttula masa a ka.

Maman Khairat: Na kira shi yanzu. Wai watan jiya gwiwar gola ta same shi a ƙeya, kuma tun lokacin hasken waya ke sa masa ciwon kai.

Nas Ɗan Zariya: To ya dakata da ƙwallo daga yau, ku kai shi asibitin koyarwa ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ku faɗi duka buguwar biyu. Ko hoton kai ya fito lafiya lau kada ku ce shi ke nan, girgiza ba ta cika fitowa a hoto ba. In kuma ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi da shi a ranar.