Dan Allah wa ya taɓa zuwa bikin littattafai? Ina neman haske

'Yar Gwallameji ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambaya gare ni, ku yi haƙuri in ta yi tsawo. Ni malamar firamare ce a nan Bauchi, ina ɗan taɓa rubutun gajerun labarai, a waya nake bugawa in tura gurup ɗinmu na WhatsApp, shekara uku kenan ina shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa ban kai ko'ina ba amma ban fasa ba. To kullum sai in ga hotuna a Facebook, marubuta a jere kan kujeru kowa da makirfo a hannu, wai bikin littattafai, wani a Kaduna wani a Legas wani a Abuja, kuma ni sai an watse nake gani. Dan Allah wanne ne ke tafe, wane wata ake yi, ana biyan kuɗin shiga, sannan uwa uba da Hausa ake magana ko duk Turanci ne? Don ni Turancina na cikin aji ne, ina ji sarai amma a ce in miƙe gaban farfesoshi in yi tambaya wlh harshena sarƙewa zai yi. Maigida ya yarda in je in dai da ƙanina ne kuma kar a wuce kwana biyu. Tsorona kar in ƙona kuɗin mota in je in tarar irin lancin ɗin littafi da muka saba ne.

Bajekadafare ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ba lancin ba ne, kwantar da hankalinki. Ni daga Gombe na taɓa tashi takanas na je Kaduna saboda shi. Yadda abin yake, za a zaunar da marubuta uku ko huɗu da mai jan zaman, a ba su maudu'i ɗaya, su yi ta kai-kawo kamar awa guda, wani ya karanta shafi biyu daga littafinsa, sannan a ba 'yan kallo makirfo. A waje akwai teburan littattafai, ki saya ki bi layi marubucin ya sa miki hannu. Da dare kuma waƙe da wasan kwaikwayo ko a haska fim.

Wanda ya fi dacewa da ke shi ne HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa, Sada Malumfashi da ƙungiyarsa ta Open Arts suka fara shi a Kaduna a 2021, can Hausa ce uwar gida, ba wanda zai kalle ki don kin yi tambaya da harshenki. Akwai KABAFEST shi ma na Kaduna, an fara 2017, Lola Shoneyin ce ta shirya, ita ce dai ta kafa na Ake a Abeokuta a 2013 wanda daga baya ya koma Legas, wajen Nuwamba ake yinsa, shi na Ake kam Turanci ne zalla kuma kwana biyunki ba za su ishe ki ko hanya ba. Sai babban taron ANA, ƙungiyar marubuta ta ƙasa da Chinua Achebe ya kafa a 1981, shi ma ƙarshen shekara ne, suna da ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa a Mpape can Abuja. Ki bi shafukansu tun yanzu, nan suke sa rana da jadawali, wasu fom kawai za ki cike a intanet wasu akwai tikiti. Kuɗin mota da masauki su ne ainihin abin tanadi.

Tsohon Malami na Jahun ya amsa:

'Yata, tsoronki na lancin yana kan hanya. Watan jiya aka gayyace ni wani, katin ya ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai bayan azahar don ana jiran babban baƙo, da ya zo kuma wakili ya turo. Aka yi ta kiran sunaye, wane ya sayi kwafi ɗaya a kan kaza, maroƙi na ta zuba kirari, mai sharhin littafin aka ba shi minti biyar, kuma daga jin sharhin ka san bangon baya kawai ya karanta. Har muka tashi ba a karanta ko layi ɗaya daga cikin littafin ba. Na sayi nawa na zo gida, ashe littafin ma mai kyau ne, tausayin yaron ya kama ni.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wai yau ɗan Bauchi ne sai ya hau mota ya bi ta Jos ya je Kaduna kafin ya ga an zauna ana muhawara kan rubutu. Garin nan fa a 1943 aka kafa zauren tattaunawa na Bauchi, su Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano lokacin yana koyarwa a Midil, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna zama suna fafatawa, muhawara ta yi zafi har ta taɓo mulkin En'e, hukuma ta ga ba za ta iya ba ta rufe. Ba su da hol mai iyakwandishan, ba su da janareta. Shi Ɓalewa kafin siyasa marubuci ne, littafinsa Shaihu Umar ya fito tun 1934 daga gasar da aka sa a Zariya, ga kabarinsa nan cikin gari muna wucewa a Keke kullum. Malam Sa'adu ya rasu 1958, yau ki tare ɗalibi goma ki ce su kawo miki baiti biyu na waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ki ga ikon Allah. Ni dai ban ce kar ki je ba.

Maman Ilham Pantami ta amsa:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka dutse, amma a bar ta ta je gsky. Na gida daban na waje daban. Ni sai da na fita na gane ashe akwai aikin da ake kira edita, mutum ya zauna da labarinka ya ce wannan babin cire shi gaba ɗaya, da ina ɗauka gyaran ƙa'idojin rubutu ne kawai. Kuma ba a cikin hol na koya ba, a layin karɓar abinci ne, wata baiwar Allah ta karɓi wayata ta karanta shafin farko a tsaye ta ce min labarinki a sakin layi na uku ya fara, na sama duk gaisuwa ce. Na ji haushi ranar, na dawo Gombe na duba na ga gaskiyarta.

Ƙanwata shawara, ki tafi da labarinki guda ɗaya a buge a takarda kwafi uku, ki ware kuɗin littafi daban don teburin nan yana cinye kuɗin komawa, ki duba jadawali ki zaɓi zama biyu ko uku kar ki ce sai kin shiga duka. In za ki yi tambaya ki rubuta ta a takarda, gajeriya. Don akwai masu karɓar makirfo su ce nawa ba tambaya ba ce ɗan tsokaci ne, su share minti goma suna ba da tarihin rayuwarsu, mai jan zama na ta kallon agogo, ke da kika ɗaga hannu tun ɗazu a ce lokaci ya ƙure. Batun Turanci kuma daina jin tsoro, Helon Habila da ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2001 ɗan Kaltungo ne, kuma a Poli ɗin nan ta unguwarku ya koyar kafin duniya ta san shi, su ma 'yan gida ne.

'Yar Gwallameji ta sake rubutawa:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti maganar sakin layi na uku ta taɓa ni, na koma na duba nawa, har shafi guda ina kwatanta fitowar rana. Zan fara tara kuɗi don HIBAF ɗin in sha Allah. Baba kuma ka jefa ni cikin tunani, na yi magana da hedimasta ɗinmu ɗazu ya ce in ranar Asabar ce zai ba mu aji ɗaya kyauta mu yi namu zaman, sai dai mu share mu mayar da bencina. Me zai hana mu gwada a makon 23 ga Afrilu tunda ranar littafi ce ta duniya, in ya yi kyau mu sake a 26 ga Agusta ranar Hausa? Kowa ya zo da shafi biyu, ba babban baƙo ba sayen kwafi. Wa zai zo?

Tsohon Malami na Jahun ya amsa:

Sa sunana. Zan zo da tsohon kwafina na waƙoƙin Malam Sa'adu, bangon ya cire amma ciki lafiya lau. Sharaɗina ɗaya, in an ce ƙarfe huɗu bayan la'asar to huɗun ce, ko mu uku ne a fara. Kuma a samo min kujera mai jingina, bayana ba ya son benci.